Tapi a Kan Tsani

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, da na jawo wa kaina kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sana'ata sayayya ce. Ka kira ni a salula ka faɗi abin da kake so, in shiga kasuwa in sayo, in kai har ƙofar gida a ƴar motata mai ƙofa biyu (wadda in ta ɗauki buhun gero uku sai ta fara nishi). Yawanci tarkace ne, su shinkafa da taliya da galan ɗin mai. To ran nan da safe sai ga kira daga Abijan. Wani Illiya ne, ɗan ci-rani, shekararsa huɗu rabonsa da gida. Ya gina wa mahaifiyarsa, Inna Rabi, ɗakin siminti a ƙauyensu can bayan Tajaye, yana son in sayo mata tapi, wato kafet, mai kauri wanda zai cika ɗakin.

"Amma kak ka hwaɗa ma kowa," in ji shi. "So nikai ta gani kwatsam. In ka yi wanga aiki da kyau, duk ƴan garinmu da ke nan kai za su riƙa ba saƙo."

Wayyo daɗi! Ban san lokacin da na taka rawa a tsakar gida ba. Ƴan Abijan kaf! Na saka sabuwar shaddata, na karkata hula, na nufi kasuwa ina jin kaina wani Alhaji.

Na sami tapi ja mai kyau, aka naɗe shi. A nan gizo ke saƙar, don ya fi ni tsawo, kuma da ƙyar hannuna ke zagaye shi. Na tura ta baya, ya ƙi. Na kwantar da kujera, ya tokare madubin gaba. Na gwada ta taga, rabinsa ya tsaya a waje yana tare wa amalanke hanya. Masu dako suka kewaye ni, kowa da shawararsa, kowa da dariyarsa. Saman motar kuma ba ƙarfen ɗora kaya.

Sai dabara ta faɗo mini (Allah Ya raba ku da irin dabarata). Na sa aka kai mini shi gida, na ɗauko tsaninmu na katako na ɗora a saman mota, na kwantar da tapi a kai. Tsoron jar ƙasar hanya ya sa na lulluɓe shi da farin zanen gadon matata, na ɗaure sama da tsakiya da ƙasa, na yafa tabarma saboda rana. Matata ta tafi suna, da wataƙila ta cece ni. Igiyar kuwa ta cikin tagogi na zagaya da ita, sai da na gama na ga na ɗaure ƙofofin duka. Ta taga na shiga.

Na kama hanya a hankali, fitilu huɗu na ƙiftawa. Abin mamaki, direbobin simintin Malbaza da suka saba kore ni gefe da oda, ranar rage gudu suke yi. Jandarma ya ɗaga mini shinge ko takarda bai tambaya ba, har da dafa ƙirji. Dattawa a bakin hanya suna miƙewa suna ɗaga hannuwa sama. Ni kuwa ina ɗaga musu nawa, baki har kunne, ina cewa a raina lallai sunana ya fara zagaya ƙasa.

A Tajaye na tsaya na tambayi wani mai shayi hanyar garin su Illiya na Abijan.

"Illiya ɗan Rabi?" in ji shi, idonsa a saman motar.

Na ce shi fa. Ya nuna mini hanya, nan take ya zaro salula. Na ɗauka hoto zai yi mini, har na gyara hula. Kafin in yi nisa babura sun fi goma a bayana, ba mai wuce ni. Rakiya ke nan, in ji ni.

Ina shiga ƙauyen na ji kururuwar mata. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun yi jugum. Na ce kash, na zo da abin farin ciki ranar makoki. Liman ya matso, na leƙo ta taga na rage murya.

"Malam, wa yar rasu?"

Ya dube ni da mamaki. "Kai za mu tambaya, ɗana. Yaushe Allah Yay yi mishi cikawa? Mun gode da kunka kawo muna shi gida."

Na ɗaga kai, ta madubi na hango ƙafafun tsani da bakin farin ƙyalle. Sai a lokacin na gane. Makara na ɗauko tun daga Ƙonni, ni kaɗai ne ban sani ba.

"Ba gawa ba ce! Tapi ne!" Kukan mata ya danne muryata. Na ja ƙofa, a ɗaure take. Na faɗo ta taga da kai, hula ta yi gefe, na miƙe da ƙasa a baki. Kafin nan majiya ƙarfi shida sun kwance tsanin, sun sauke shi a kafaɗa suna salati. Sai ga wata tsohuwa mata biyu na riƙe da ita. Inna Rabi ce. Ta ɗora hannu a kan zanen gadon matata ta ce, "Illiya, haka za ka komo min?"

Wannan kalma ta soke ni, wallahi har hawaye na yi. Na kira Abijan, na buɗe muryar salula, na kara mata a kunne.

"Inna! Kin ga saƙon?" in ji Illiya, yana dariya.

Tsohuwa ta sulale ta zauna a ƙasa, tana kuka tana dariya, tana kiran sunansa ba adadi. Aka yaye zane, ga tapi ja wur. Da Illiya ya fahimci abin da ya faru, abin da ya faɗa mini ba zai rubutu ba. Inna Rabi kuwa kallona kawai ta yi ta ce, "Kai ko ɗan wane gida ne, da ba a hwaɗa maka abin da aka ɗaure ma hwarin ƙyalle wuri ukku ba?"

Na ɗauka an gama, na fara sulalewa wajen mota. Liman ya riƙo hannuna.

"Tsaya, ɗana. Tun da anka kira daga Tajaye mutane sunka tahi gina kushewa. Nan garin ba mu barin ta baki buɗe. Wanda yas sa anka gina, shi ka cike ta."

Ya miƙo mini shebur. Da rana tsaka, cikin sabuwar shadda, na cike kabarin nan ni kaɗai, rabin gari na tsaye suna ba ni shawarar inda ban danne da kyau ba. Daga Abijan kuwa, ko kiran kuskure ba a sake yi mini ba.

Tun daga ranar, kayan da ya ƙi shiga motata sai in ce wa mai shi ya nemi babbar mota, ba na jayayya. Na gwada duka biyun, kuma ina tabbatar muku cewa "ba zan iya ba" ta fi shebur sauƙin ɗauka.