Baƙon Takalminsa

"...lafiya lau, ban da ganin ki," in ji Kaka daga kan kujerarsa ta ƙofar ɗaki.

Tsohon nan shekara talatin ya yi a kamfanin takalma yana liƙa dunduniya. Watan jiya aka kawo inji, aka sallame shi da takardar yabo. Jikarsa kuwa ilimin zamantakewa take karanta a jami'a, gobe za ta miƙa aikinta, kuma labarinsa take so ta rubuta. Sau biyu yana korar ta. Yau ta dawo da leda a hannu.

"Angona, har yanzu fushi ake?"

"Na sake ki. Je ki auri littafin."

"In na tafi wa zai kwashe ka? Kamfani ma ya ajiye ka."

"Bakinki ya fi gam wari. Me malaman naki suka ce a kan aiki?"

"Ɗaya ya ce rabon aiki ke haɗa kan jama'a, kowa na buƙatar kowa."

"Shi ya sa tun da na fito ko waya babu wanda ya bugo."

"Wani ya ce ma'aikata tamkar kejin ƙarfe ce."

"Bai taɓa kiwo ba. A keji ana ciyar da tsuntsu har ya mutu."

"Na ukun ya ce ma'aikaci baƙo ne ga abin da hannunsa ya yi."

"Baƙo? Ni? Ko idona a rufe na san aikina!"

"To, ga tsaraba."

Ta zaro takalmi baƙi daga ledar. Kaka ya juya shi, ya taɓe baki.

"Wa ya cuce ki? Wanda ya yi wannan, ɗauri ya kamace shi."

Sai ta ɗaga harshen takalmin. Ga tambarin kamfaninsu, ga shekarar bara.

Tsoho ya ƙura wa tambarin ido har ta fara nadamar wasan.

"Ni dunduniya kawai ake miƙo mini," ya ce a hankali. "Ban taɓa ganin takalmin a kammale ba, balle in sa a ƙafa."

Ya danna dunduniyar da babban yatsa, ya murɗa, ya sake murɗawa. Sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Na mayar da ke, amarya. Ɗauko biro, rubuta baƙo. Amma ki ƙara a ƙasa: dunduniyar ba ta ɗaga ba."