Yaƙin Barau da Lasifika Mai Maɓalli Biyar

Da sunan Allah Mai ji, wanda Ya halicci kunne tun ba a ƙera lasifika ba. Bayan haka, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadauki, Barau ɗan Tsalha ɗan Gagare ɗan Na-Allah Mai Tsawa, zuriyar masu shelar garin Marken Dawa, waɗanda suka gaji maƙogwaro kaka da kakanni. Masu ruwaya sun ce Gagare ya taɓa shelar ɓatan jaki a bakin kasuwa, jakin ya jiyo daga hayin rafi, ya dawo da ƙafarsa don kunya. Barau hadarin gabas, Barau mai firgita kaji, ma'abocin rawani ɗaya da riguna biyu!

Amma shekara talatin na shela da goro da taba sun taru sun cinye muryar gwarzon, har ta koma kamar ta zakaran da mura ta kama. Sai Dagaci ya kira shi fada ya yanke hukunci. Damina ta sauka, ranar kasuwa za a yi shelar ɗaure dabbobi kamar kowace shekara, don kada awaki su cinye shukar mutane. In ba a ji Barau har rumfar mahauta ba, shela ta bar gidansu ke nan, ta koma hannun Ɗan'asabe surukin Dagacin, mutumin da ba shi da asali a sana'ar sai faɗin baki. Barau ya fito, ya san gadon iyayensa ne ke lilo a wuyansa.

Sai jarumin ya ɗaura ɗamara, ya hau bayan akori-kura, ya yi hijira zuwa birni, ya dawo da ganimar da idon Marken Dawa bai taɓa gani ba. Wata jar lasifika ce ƙirar Sin, mai shan hasken rana, mai tocila a goshi da maɓalli biyar a ƙeya: na ɗaukar murya, na maimaita ta ba iyaka, na amsa-kuwwa, na jiniya, da na wani busan sarewa mai ban tausayi wanda har yau ba a san amfaninsa ba. Bai tsaya nan ba. Ya sa maƙeri ya ƙera mata baki na kwano mai faɗin faifai uku, ya samo gora mai kamu goma sha biyu da zai ɗaura ta a kai, ya raɗa wa makamin suna Girgiza-Duwatsu.

Da hantsin jajibirin kasuwa ya tsaya a tsakar gidansa, ya danna maɓallin farko, ya ɗora hannu a kunne irin na iyaye da kakanni, ya zuba shelar cikin 'yar muryarsa. Mai kantin da ya sayar masa ya riga ya gaya masa a sake dannawa in an gama. To, amma a gidan su Barau, tun zamanin Na-Allah, shela tana ƙarewa ne a lokacin da mai ita ya sauke hannu daga kunne. Ya sauke hannunsa, ya ɗauka ita ma na'urar ta san ladabin sana'a, ya zauna shan koko. Sai can ya ga jar fitila tana ƙiftawa ya kashe ta. Ya saurari farkon, ya ji kansa yana ruri kamar zaki, ya gamsu, bai ƙarasa ji ba.

Ranar gumurzu ta zo. Kasuwa ta cika ta batse, Dagaci ya zauna a inuwa da fadawansa, Ɗan'asabe yana gefe yana gyaran murya. Barau ya keta rundunar masu tumatir, ya ratsa dakarun 'yan koli, ya danna maimaitawa da amsa-kuwwa, ya ɗaura lasifikar a kan gorar, ya ɗaga gorar sama, ya tamke ta a jikin itacen marken kasuwa da robar tayar keke, ƙulli bakwai, don kada iska ta yi masa shisshigi.

"Ku saurara, jama'a! Dagaci ya gaishe ku! Ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa!"

Tsuntsaye suka watse. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe, mata suka toshe kunnen goyo, fuskar Ɗan'asabe ta yi kamar an aiko masa da rasuwa. Barau ya ji hawayen daɗi sun cika masa ido, ya tabbata ya fanshi gidansu.

Sai kuma daga ƙolin gora aka ji muryar Tabawa matarsa, tangaram: "Malam, kokonka fa zai huce."

Muryar sadaukin ta amsa: "Miƙo nan. A ɗaure, a ɗaure! Awakin wa ke cinye gonakin mutane in ba na Dagacin ba? Bara ma su suka cinye mini wake. Tsohon banza!"

"Banza… banza… banza," in ji amsa-kuwwa. Daga nan sai ƙarar zuƙar koko, har kurɓi huɗu, duk gari na saurare.

"Wayyo Allah! A kashe ta!" Da wannan kirarin yaƙi Barau ya afka wa makaminsa. Ƙulli bakwai suka ƙi kwantuwa. Ya jefi Girgiza-Duwatsu da takalmin dama, ya sami jiniya, 'yan caca suka arce suna tsammanin hukuma ce. Ya jefa na hagu, ya sami sarewa, sai zagin ya sake zagayowa cikin taushin busa. Sau shida na'urar ta isar da saƙon, ba ta rage ko kurɓi ɗaya ba, kafin Sarkin Fawa, bayan ya gama share hawayen dariya, ya zo ya datse robar. Ta faɗo cikin bahon wankin tumbi, ta yi shahada tana cewa "banza" a ƙarƙashin ruwa.

Dagaci bai ɗaga murya ba. Ya yafito Barau, wanda ya zo ba takalmi ya zube a gabansa.

"Ranka ya daɗe, wallahi sharrin na'ura ne."

"An ji ka har mahauta, Barau, har ma gaba da nan," in ji Dagaci. "Saura shela ɗaya. Da la'asar, kafin kasuwa ta tashi, ka sanar da jama'a cewa Ɗan'asabe ne mai shelar gari. Da bakinka."

Da la'asar kuwa jikan Gagare ya tsaya gindin marke, ya ɗora hannu a kunne, ya tattaro ɗan abin da ya rage a maƙogwaronsa, ya tuɓe kansa daga gadon gidansu. Mutane suka ci gaba da ɗaure kayansu. Sarkin Fawa kaɗai ya matso, ya saurara har ƙarshe, ya dafa kafaɗarsa.

"Haba Barau, ai ta safe ta fi daɗi. Ba za a sake sa mana ita ba?"