Yaƙin Tanimu da Fumfunar Bangon Gabas

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota tarihi, ga labarin sadauki Tanimu ɗan Barau ɗan Ilu Mai Jaki, jikan mazajen da suka yi ƙaura sau bakwai ba su bar ko murfin tukunya a baya ba, Garkuwan Ɗaki Na Huɗu, Sarkin Yaƙin gidan hayar Alhaji Sambo da ke bayan babbar kwata a Tudun Wada, tela mai keke ɗaya, mijin Uwani.

A shekarar da ruwan Agusta ya kwana tara bai ɗauke ba, abokiyar gaba ta ɓullo ta bangon gabas. Fumfuna ce, baƙa da kore, da rundunar danshi a bayanta. Ta fara daga kusurwa kamar mai jin nauyin mutane, sannan ta haye bayan akwati, ta kama takalmin Sallar Tanimu fursuna, ta kafa tuta a katifar da aka kawo Uwani da ita, har Uwani ta koma tana buɗe kowace safiya da tari.

Sau goma sha ɗaya sadaukin ya kai ƙara gaban mai gida, kafin hukunci ya fito. Siminti buhu biyu ne, magini ɗaya. Ranar Asabar Alhaji zai zo ya duba ɗakuna da idonsa, wanda ya fi lalacewa shi za a gyara, sauran su jira baɗi. Gidan kaf an san na Tanimu ne. Ko Jatau mai faci na ɗaki na biyu, wanda danshinsa bai fi faɗin faifai ba, tuni ya miƙa wuya.

To, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tanimu ya tsaya gaban bangon nan ya ƙare masa kallo, sai kunya ta shige shi tun daga tafin ƙafa. Alhaji Sambo fa aminin marigayi mahaifinsa ne. Dattijo zai cire takalmi, ya shigo, ya zauna, ya shaƙi wannan wari?

Uwani ta lura da idonsa ya canza. Ta ce, "Malam, ka bar bangon nan yadda yake. Shi ne shaidarmu."

Ya ce, "Baba Alhaji ya gani ya ce ɗan Barau ƙazami ne? Miƙo min bokiti."

Nan aka ja daga. Sadaukin ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya yi ɗamara da ƙyallen atamfar wata kwastoma, ya ɗauki tsintsiyar kwakwa a dama, soson ƙarfe a hagu, ya auka wa maƙiya da ruwan sabulu da kananzir, yana sara yana kankara yana atishawa, bangon na zubar da baƙin ruwa kamar ranar da aka ci birni, kyankyasai na gudun hijira ta ƙarƙashin ƙofa iyalai iyalai, shi kuwa yana kirari, "Sai ni na Barau, mai hana bango gemu!" Da ƙasa ta miƙa wuya ya hau kujerar ɗinki ya tunkari sama, kujerar ta yi masa tawaye, ya sauko ba da niyya ba, ya miƙe ya koma fagen fama yana ɗingishi. Kafin magariba ya shafe bangon da farar ƙasa har hannu biyu. Ya juya katifa, ya tura takalmin Sallah can ƙarƙashin gado. Da safe kuma ya kwashe turaren wutar Uwani, wanda take tattali tun na biki, ya juye rabi a kasko.

Alhaji Sambo ya iso da hantsi, magini na biye da shi. Ya cire takalmi, ya shiga Ɗaki Na Huɗu, ya ja numfashi mai tsawo, ya dubi bango fari tas yana ɗaukar ido.

Ya ce, "Masha Allah. Tanimu, ai ɗakin nan ya fi nawa. Dama ƙorafin na mene ne?"

Sadaukin da bai ja da baya ba gaban runduna ya buɗe baki. Ya dubi furfurar dattijo. Ya durƙusa ya ce, "Ai ba komai, Baba. Mun gode Allah."

Daga bayan labule Uwani ta yi tari, amma Alhaji ya riga ya sa takalmi.

Simintin ya tafi ɗakin Jatau, wanda ko shara bai yi ba, har ya bar rigarsa mai fumfuna a rataye don a gani.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa. A kusurwar gabas, ta cikin farar ƙasa, wani ɗigo kore ya leƙo. Uwani ta ja katifa zuwa tsakar ɗaki, ta dubi mijinta yana ɗaure gwiwa da tsumma, ta ce, "Sarkin Yaƙi, baƙuwarka ta dawo. A kunna mata sauran turaren?"