Rasuwar Sifirin da Ya Jira Girgizar Ƙasa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, iyalan tsohon malamin labarin ƙasa, wanda unguwa ta fi sani da Malam Girgiza, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sifirin ɗin na'urarsa ta auna girgizar ƙasa. Ya rasu a bakin aikinsa, a ɗakin baya, yana riƙe da nauyin da aka ɗora masa, bai sauke ba sai da ya rabu biyu.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin marigayin ba, kuma su ne mafi yawa tunda Malam ba ya barin kowa ya wuce bakin ƙofa, siririn ɓallin ƙarfe ne mai lanƙwasuwa ya koma daidai, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. An haife shi a cikin agogon bangon mahaifin Malam. Da agogon ya tsaya, Malam kuma ya yi ritaya, sai aka yi masa canjin wurin aiki. Shi ke riƙe da wata doguwar sanda mai curin dalma a kai, sandar na riƙe da alƙalami, alƙalamin na jan layi a kan takardar da aka naɗe a jikin gwangwani mai juyawa. In ƙasa ta motsa, layin zai karkace. Burin Malam ke nan a duniya, bai kuma ɓoye wa kowa ba: ƙasa ta motsa sau ɗaya tak, ta sa hannu a takardarsa, kafin shi ya koma cikinta.

Sai dai ƙasar garin ba ta da wannan ɗabi'a. Shekara da shekaru tana kwance abinta.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya ƙarin gishiri. Ya rubuta wucewar motar kwashe shara. Ya rubuta faɗuwar bokiti. Ya rubuta ranar da ƙanin matar Malam, mutum mai jiki, ya zauna a kujerar falo, har Malam ya fito da gudu yana shirin sanar da hukuma kafin a gane asalin lamarin. Ba shi da yawan magana. In an taɓa shi yakan ce “tsiiing” a hankali, ya yi shiru. Albarkacinsa gidan ya koyi tafiya da sanɗa. 'Ya'ya sun girma ba su san gudu a tsakar gida ba, babbar ma har yau a gidan mijinta da hannu biyu take rufe ƙofa. Matar Malam kuwa ta kai keken ɗinkinta gidan maƙwabta, can take zuwa ɗinki, ba ta taɓa yin ƙorafi a gaban marigayin ba.

Ciwon ajali ya fara ne da sanyin jiki. Layin ya riƙa gangarowa ƙasan takarda ba gaira ba dalili, har Malam ya gargaɗi maƙwabta cewa unguwar tana karkacewa gabas. Makanikin bakin titi ya zo ya duba, ya ga tsaga siririya kamar gashi, ya ce gajiya ce, ƙarfe ma yana gajiya. Wata safiya marigayin ya ce “ƙas”. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Daga nan aka shiga neman magaji, kuma a nan ne Malam ya nuna halinsa. Aka kawo reza, ya ce ta cika taurin kai, kuma da ta ji damina za ta yi tsatsa. Kafinta ya yanko masa tef ɗin awo, ya ce bayansa a lanƙwashe yake, yana da ra'ayin kansa. Zarton yankan ƙarfe ya yi kauri. Ƙarfen lema ba shi da asali. Jan ƙarfe kuma, in aka lanƙwasa shi sai ya zauna a haka, ba ya komawa gaskiyarsa. Matarsa ta ba shi shawara ya sa kowanne ya riƙe masa wurin kafin na kirki ya samu, ya ce ba a yi wa irin wannan marigayi magaji da gaggawa. Makonni suka wuce, alƙalami na kwance.

Sai ya ji labarin wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa a can ƙarshen gari, wai yana da wata tagulla mai tauri da ake cirowa daga tsofaffin mitocin lantarki, ba ta tsatsa, maganaɗisu ba ya janta. Malam ya sa hularsa ya shiga bas, tsohuwar bas, a hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa.

Yana cikin bas ɗin nan ƙasa ta motsa.

Kowa ya ji. Kofuna sun yi ƙara a cikin kabad. Mai aski ya yi wa wani hanya a tsakiyar kai. Ƙanin matar Malam ya yi ta rantsuwa cewa wannan karon ba shi ba ne. A duk faɗin garin, waɗanda ba su ji komai ba su ne fasinjojin bas ɗin, don su tun daga tasha suke girgiza. Malam ya dawo da tagullarsa naɗe a hankici, ya tarar da unguwa duk a waje, aka yi caa a kansa ana tambayar me na'ura ta nuna. Ya shiga ɗakin baya, ya tarar da takarda fara tas. Iyalai ba za su ɓoye ba, ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Matarsa ce ta zo ta kama hannunsa ta kai shi kicin. Ashe lokacin tana tankaɗen gari a faranti, da lemon tsami ajiye a gefensa. Da ƙasa ta fara rawa kowa ya yi waje, ita kuwa shekarun sanɗa sun riga sun shiga jikinta, sai ta tsaya cak ta riƙe numfashi. Lemon ya gangara cikin garin, ya yi dama, ya yi hagu, ya dawo, ya tsaya. Ta kife babban kwano a kai. Yanzu ta ɗaga kwanon, ga layi nan a karkace, raɗau.

“Ban san ko yana da amfani ba, Malam,” in ji ta. “Na dai hana kowa taɓawa.”

Malam ya ɗauko rula ya durƙusa. Ya daɗe yana awo, yana kau da kai duk lokacin da zai yi numfashi.

Marigayin ya rasu ya bar sanda ɗaya, curin dalma, alƙalamin da bakinsa ya bushe, gwangwanin da har yanzu yake juyawa don ba wanda ya iya gaya masa, da tagullar da ta iso a makare. Ya kuma bar lemon tsami, wanda iyalai suka amince ya yi riƙon ƙwarya.

Za a sa marigayin a kwalin ashana, a binne shi gobe da hantsi a gindin bishiyar tsakar gida. Da cokali za a haƙa ramin, don kada a girgiza komai. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ba Malam labarin inda suke lokacin da abin ya faru, ya ji na kowa. A ƙofar ɗakin baya yanzu mutum na iya taka ƙasa yadda ya ga dama. Amma a ƙofar kicin a cire takalmi, a yi sanɗa, ba fifita, ba dariya, mai mura kuma ya aiko da saƙo kawai. Ba za a raba abinci ba, domin farantin yana nan inda ƙasa ta bar shi. Matar Malam ta ce keken ɗinkinta zai iya ƙara jira a maƙwabta.