Taliyar Malam Haladu Akawu

Wani mutum ne a Tudun Wadar Zariya, ana ce masa Malam Haladu Akawu. Shekara talatin da biyu ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin auduga, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Kamfanin ya mutu, kamar yadda abubuwa da yawa na wancan zamani suka mutu, aka sallame shi da agogon bango da ɗan fanshon da ba ya ganin tsakiyar wata. To, wanda ya saba da tsaron sito, in ya rasa sito, ina zai nufa? Sai madafar matarsa.

Ya karɓe cefane daga hannun matar tasa, Uwani. A nan kam ya yi ƙoƙari, ba za a ci haƙƙinsa ba. Tumatir sai yamma lis yake saya, lokacin da 'yan gwari suka ƙosa su tafi gida. Taliyar leda kuwa ya kafa mata doka, ya ce almubazzaranci ce. Ya sayo injin murji na hannu, ya ce daga yau fulawa za a riƙa aunowa a mudu, a yi taliya a gida.

Haka aka yi. Uwani ke kwaɓawa, ita ke murzawa, ita ke shanyawa a kan igiya tana fama da kaji, ita ke dafawa ta zuba manja da yaji, mutum tara su ci su ƙoshi. Aikin Malam a ciki guda ɗaya ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya ce, "A rage gawayi."

Amma je ka ji shi bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar shagon Tanimu tela, inda dattawan unguwa ke zama.

"Ku dai kuna miƙa wa mata kuɗi suna ƙonawa," in ji shi. "Ni da hannun nan nake kwaɓawa, in murza, in dafa. Mai ɗakina ma a wurina ta koya. Taliyata, in ka kama sili ɗaya daga nan, sai ka kai Kwangila bai tsinke ba."

"Akawu, ji tsoron Allah," in ji Tanimu. "Kai da ko shayi sai an haɗa maka?"

"Jahilci dai ciwo ne, Tela. Ka tsaya a kan wandunanka."

Kullum haka. Tun ana musu har aka gaji, wasu ma suka fara zuwa neman shawara. Malam Haladu ya sami abin da ya rasa tun ranar da aka rufe kamfani, wato mutane su yi shiru in yana magana. Wannan ya fi masa fanshon daɗi.

Ran nan ƙanwar Uwani ta haihu a Giwa. Ranar Juma'a Uwani ta kwashi yara za su tafi suna, sai Lahadi. Ta nuna masa kwandon busasshiyar taliya ta mako guda, ta ce, "Malam, ko in gwada maka yadda ake dafa ta, ko za ka buƙata?"

"Ni za a gwada wa? Ba ruwa ba ne da wuta? Allah ya kiyaye hanya."

Ashe labarin tafiyar ya riga shi zuwa gindin dalbejiya. Yana zama Tanimu ya ajiye almakashi.

"Abin nema ya samu! An ce uwargida ta yi tafiya. Gobe bayan azahar muna nan tafe, mu ci ta hannun gwani, ba mai cewa an taya ka."

Malam Haladu ya duba hagu, ya duba dama, duk ido a kansa. In ya ce a'a, ya tashi daga Akawu ya koma abin dariya. Ya gyara hula, ya ce, "Ku zo da yunwarku."

Asabar da hantsi ya tsaya a madafa kamar baƙo a tasha. Ga taliya, ga tukunya, ga gawayi rabin tiya. Ya ɗauki sili ɗaya ya karya, ƙas! Ya ce a ransa, abu mai tauri haka ai gawayi zai ci. Sai ya yi tunani irin na akawu. Ƙanzo ma, da ya fi kowa taurin kai, jiƙa shi ake yi ya sauko. Abin da ya jiƙu ya yi rabin dahuwa. Ashe shekara da shekaru Uwani asarar wuta take yi! Har ya fara tsara yadda zai ba da wannan darasi a majalisa.

Ya juye kwandon kaf a baho, don ba ya son aiki biyu. Ya tuttula ruwa, ya rufe da faifai, ƙarfe tara daidai. Ya tafi kasuwa, ya yi awa biyu yana cinikin kwalbar manja.

Da ya dawo ya ɗaga faifai, babu taliya. Wani farin ƙullu ne kwance, lumtsum, yana kallonsa. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu yana lalube, kamar mai neman zobe a kogi. Ko sili ɗaya. Fulawa ta koma gidan ubanta.

"Inna lillahi," in ji Malam. Sai kuma ya ce, "Wuta za ta gyara."

Ya ɗora a wuta. Abu ya fara ɓal, ɓal, ɓal, yana tofa masa a fuska. Ya sa muciya yana juyawa, gumi na zuba. Ya ƙara gawayi. Ya ƙara. Ya juye tiyar gaba ɗaya, shi da ke cewa a rage. Da ya saki muciya don ya share goshi, sai ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar tukunya kamar soja.

"Salamu alaikum! Gwani yana ciki?" Muryar Tanimu ce daga ƙofar gida.

Gidan ba shi da ƙofar baya, sai da ya duba. Ya kwashe abin a babban faranti, ya shafe shi sumul, ya malala manja, ya barbaɗa yaji, ya jera yankan albasa a layi, tazararsu daidai. Ya kai zaure. Mutum uku ne a kan tabarma: Tanimu, da ladanin unguwa, da Inuwa, wani tsoho mai wankin hula wanda ba ya yawan magana.

Suka zuba wa farantin ido.

"Akawu," in ji Tanimu, "ina taliyar?"

"Tana ciki."

"Cikin me?"

"Haka Turawa ke cin ta a ƙasarsu. Baturen kamfaninmu ne ya koya mini. Sili-sili ai na yara ne. Bismilla."

Tanimu ya kafa cokali. Ya ja, cokali ya ƙi. Ya ƙara ja, faranti ya taso ya biyo shi. Ladan ya tuna cewa yana azumin nafila, ko da yake da goro a bakinsa.

"Ba ku iya ba ne," in ji Malam Haladu. "Da hannu ake yi. Ku duba."

Ya yanko ƙatuwar loma ya jefa a baki. Ta kama dasashi, ta kama harshe, ta riƙe haƙora sama da ƙasa. Ya yi ya yi ya haɗiye, ta ƙi gaba. Ya yi ya yi ya tofar, ta ƙi baya. Idanunsa suka kawo ruwa.

Tanimu da ladan suka tuntsire da dariya, Inuwa dai bai yi ba. Ya ɗan tsakuro abin, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya buɗe su a hankali yana dubawa a haske. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya san aikinsa.

"Akawu, shekarata arba'in ina wankin hula, ban taɓa ganin sitaci mai kamu irin wannan ba. Girki dai ka bar wa uwargida, Allah ya saka mata. Amma don zumunci, duk Asabar ka riƙa dama mini bokiti guda."

"Mmm! Mmm!" in ji Malam Haladu.

"Ka ji ko," in ji Tanimu. "Ya yarda."