Sunana a Jikin Kwalin Injin Taliya

Fagge, Kano.
Sha'aban 1397, Agusta 1977.

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Ƙere-ƙere na Zabuwa,
Hawa na uku, Titin Ibrahim Taiwo, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka na saman bene da na ƙasa, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Ni karatun allo na yi. Bokon nan da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka in ka ga wata kalma ta karkace, ba raini ba ne.

Sunana Yakaka. Ka san ni ko da ba mu taɓa gaisawa ba, domin ni ce matar da ke jikin kwalin injin taliyarku, a ƙarƙashin hoton zabuwa, inda aka rubuta: "Malama Yakaka ta Fagge, shekara goma sha biyar tana murza taliya, ta gwada ta ce babu kamarsa." Na faɗi haka kuwa, ba zan musa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, injin da na yi wa wannan shaida daban, wanda ke cikin kwalin daban. An kuma gaya mini an buga kwali dubu huɗu. Ranka ya daɗe, shaidar zur guda ɗaya ma mutum ya san nauyinta, balle dubu huɗu, ga azumi ya gabato.

Bari in tuna maka asalin maganar, don wataƙila a lokacin ba ka dawo daga Ingila ba. Shekara uku da suka wuce kamfaninku rumfar kwano ce a Sabon Gari, mutum biyu ne a cikinta: Sammani mai zane, wanda ke fitar da siffar abu a takarda, da Ambrose injiniya, wanda ya san halin ƙarfe. Sun zo zaurena sau tara da injin gwaji, suna zama a tabarma ɗaya suna gardama kamar 'yan uwa ɗaya a kan rabon gado. Sammani ya ce, "Wannan abu naka kamar tarkon ɓera, wace mace za ta sa shi a ɗakinta?" Ambrose ya ce, "Naka kuma kamar kwalbar turare, Mama ta juya sau biyu ya mutu." Wata rana sun yi sa'a guda suna jayayya a kan tsawon hannun injin, har na gaji na kwaɓa musu fulawa na ce kowa ya murza mudu guda. Kafin su gama, Ambrose ya durƙusa yana auna bencina da tef, Sammani yana zana yadda nake kama hannun. Injin da ya fito daga wannan gardama shi na yi wa shaida, kuma har gobe ina kan bakana a kansa. Suka karɓe shi wai za a yi wasu irinsa. Kwanan baya na gan shi a ofishinku cikin akwatin gilashi, an ɗaura masa jan ƙyalle, ya huta tun bai tsufa ba.

Wanda aka aiko mini a madadinsa, mai suna Sabon Samfuri, shi ne zan yi magana a kansa, cikin ladabi.

Na ɗaya, hannun juyawa. Na lura an ƙara masa tsawo, kuma wannan hikima ce, domin dogon hannu ba ya gajiyar da kafaɗa. Allah ya saka wa wanda ya tuna da kafaɗunmu. Na kuma lura an rage wa injin tsayi ya kwanta ƙasa-ƙasa, sumul, abin sha'awa. Allah ya saka wa wanda ya tuna da idanunmu. Sai dai da aka haɗa alherin nan biyu a kan bencin mace, hannun yana sauka ya daki ƙasa kafin ya zagayo. Rabin juyi ake samu, sai a koma baya. Maƙwabciyata Yagana, wadda ta saya saboda ta ga sunana, ta haƙa rami a daɓen tsakar gidanta don hannun ya riƙa wucewa ta ciki. Yanzu injinta yana aiki, amma a wuri ɗaya tak a duniya, in rana ta iso wurin sai dai ta haƙura da ranar. Mijinta ya faɗa ramin sau biyu. Shin a takardar bayani akwai inda aka ce a tanadi magirbi?

Na biyu, kafar mai. Takardar ta ce a ɗiga wa injin mai duk mako ta kafar da ke gefen dama. Na nemi kafar nan kwana uku, har na fara zargin idona. Ashe tana nan, an manna tambarin zabuwar a kanta daidai, da kusa huɗu. Zabuwar ta yi kyau, ba ni da ta cewa, har zanen fuka-fukanta ana gani. Ina dai tambaya ne: ƙwai take kwanci a kai, ko mai ne ba a so ya shiga?

Na uku, murfi. An rufe ƙarafan murjin da murfi mai ƙyalli, mace na iya duba kwallinta a jiki. An kuma ɗaure shi da wani irin noti mai kai kamar tauraro, wanda na zagaya da shi wurin masu gyaran keke daga Fagge har Bata, babu mai abin kwance shi. Wanda ya yi murfin ya so a ɓoye haƙoran inji don kada su kama yatsa. Wanda ya ɗaure shi ya so kada ya girgiza. Duka biyu sun yi nasara. Amma ƙullu yana shiga ciki, kuma ba ya fita sai ya ga dama. Ƙullun Asabar yakan fito ranar Talata, ya bushe, ya yi baƙi, wani lokaci da rakiyar kiyashi. Ni abinci nake sayar wa bayin Allah, ana aiko mini da kwano daga gidajen da ba su taɓa tambayata me na zuba ba, saboda sun yarda da hannuna. Abin da ba zan iya wankewa ba, yaya zan ce musu mai tsabta ne?

Na huɗu, lambobin kauri. An rubuta ɗaya zuwa bakwai da ruwan zinariya. A ciki kuwa gurbi huɗu aka yanka. Biyar da shida da bakwai suna nan dai, kamar hakiman da ba a ba su ƙasa ba.

Na biyar, nauyi. An canza jikin zuwa ƙarfen da ko jikokina ba za su ga bayansa ba, sannan aka sa masa mariƙin roba siriri irin na kofin shayi. Ba zan tsawaita a nan ba. Babban yatsan ƙafata ya warke, farcen ma ya fara tsirowa, na kuma yafe.

Da na tara waɗannan, sai zuciyata ta ce mini yaran nan biyu, Sammani da Ambrose, sun ɓata. Unguwarzoma in ta ga yaro takan gane halin da gidansu ke ciki, ni ma da na ga injin nan na ce iyayensa ba sa magana. Amma zato zunubi ne, don haka na yafa mayafina na je na ji da kunnena.

Na sami Ambrose a gidansa a Sabon Gari ranar Lahadi bayan sun taso daga coci. Matarsa Agnes tsohuwar mai sayen taliyata ce, ta shimfiɗa mini tabarma. Da na nuna masa inda hannun ke dukan ƙasa, sai ya riƙe kai ya ce, "Mama, ni zane aka aiko mini a fayil. Inda zane ya yi magana na bi zane, inda ya yi shiru na bi ƙarfe. A teburin masana'anta muka gwada, dogo ne, hannun bai taɓa komai ba." Na ce ya Sammani? Ya ce, "Sammani ai ya zama babban mutum, sanyi yake sha a sama. Ki gaishe shi, ki ce har yanzu ina bin sa gardama."

Kashegari na hau benenku, ina hutawa a kowane hawa. Sammani ya tashi ya ba ni kujerarsa mai juyawa, na ce a'a, jiri nake ji. Ya ce, "Inna, wallahi ban san an ƙara wa hannun tsawo ba sai yanzu da kika faɗa. Kuma kafar mai a zanena a hagu take." Na ce to yaushe rabonka da Ambrose? Ya yi lissafi da yatsu, ya ce tun walimar buɗe masana'anta a Bompai, kuma ko a nan teburinsu ba ɗaya ba.

Ashe ba faɗa suka yi ba, ranka ya daɗe, ƙarin girma aka yi musu. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi. Arzikin man fetur ya zo, kamfani ya bunƙasa, aka ba Sammani Sashen Zane da sakatare da labule, aka ba Ambrose Sashen Injiniya da mota da hular kwano. Aka sa mil huɗu a tsakaninsu, da kwamiti, da takarda mai kwafi uku. In Sammani yana son ya ce wa Ambrose "wannan ba zai yi ba", sai ya rubuta, a buga, a sa hannu, a kai wa mataimakinka, ya duba bayan ya dawo daga Legas. Kafin takardar ta isa Bompai an ƙera dubu. Ban ga laifin kowa ba. Kowannensu ya yi aikinsa da kyau ƙwarai, kamar mutum biyu da aka ba ɗinkin riga ɗaya, wannan ya yi wuya a Kano, wancan ya yi hannu a Zariya, ba wanda ya ga mai rigar.

Yanzu ga inda abin ya dame ni. Mata suna sallama a gidana da inji a ka. Ba sa zagi, da ma zagin suke yi da ya fi mini sauƙi. Sai su sauke, su gaishe ni, su ce, "Malama, mun ga sunanki ne muka saya, ko za ki nuna mana yadda kike yi da naki?" Wata daga Kurna ta ce mijinta ya hana, ta ce masa ai Malama Yakaka ba ta ƙarya, shi ya sa ya yarda. Ni da na kai shekarun nan ina kiyaye harshena, ko kanwa na ƙara a ƙullu sai na faɗa wa mai saye, yau kwali ke magana da bakina a kasuwar da ban je ba.

Na kai maganar gaban malaminmu. Ya ce wanda ya ba da shaida, abin ya canza, to ya janye ta a inda mutane ke jin ta. Saboda haka roƙona biyu ne, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi. Ko dai a goge sunana daga kwalayen nan, ko kuma a gyara injin ya cimma sunan. Na fi son na biyun, kuma ba ya bukatar a kira Bature daga waje. Ɗaki guda za a nema, ko da babu labule, a sa mutanen nan biyu a ciki, a ba su benci irin namu da fulawa, a hana kowa raba su in sun fara gardama. In kamfani ba shi da ɗakin da ya kai ƙanƙantar haka, na san girmanku ya wuce nan, a tambayi Agnes, ta ce tana da shi.

Kafin ka yanke shawara, don kada ka ji a bakin wani, ina sanar da kai cewa daga ranar Litinin mai zuwa zan riƙa zama a Kasuwar Sabon Gari, ƙofar shagon Innocent, inda aka fi sayar da injinku, daga hantsi zuwa azahar. Ya ba ni izini, har ya ce zai sa mini laima, domin shi ma bayansa ya gaji da ɗaukar waɗanda ake dawo masa da su. Ba zan ɗaga murya ba, ban iya ba. Ba zan ce wa kowa kada ta saya ba, ba na shiga tsakanin mutum da abincinsa. Duk wadda ta ɗauki kwali zan gaishe ta, in ce ni ce Yakakar da aka rubuta, in roƙe ta ta juya hannun injin sau ɗaya kafin ta biya. Na ƙiyasta in ina samun mata goma a rana, zan gama janye shaidata cikin shekara guda da 'yan watanni, in Allah ya ba da rai, in kuma ba ku ƙara buga wasu kwalayen ba.

Idan hanya ta biyo da kai ta wajen, ranka ya daɗe, ka tsaya mu gaisa. Zan roƙi matan su matsa maka kai ma ka juya hannun, babba ba ya bin layi.

Allah ya ƙara wa kamfani hawa a kan hawa, ya kuma sa a riƙa saukowa lokaci-lokaci.

Taka mai biyayya, wadda ba ta da abin da ta mallaka sai bakinta,

Yakaka 'yar Malam Gana,
Mai taliya, Fagge.