Yadda Za Ki Tsira da Sunanki Idan Hashwa Ta Dunƙule a Lihafin Mutane

Ke da kika sayi keken ɗinki mai allo da fitila, kika kalli bidiyo goma sha ɗaya a waya, kika sanar wa matan unguwa cewa yanzu ke gwanar lihafi ce, matso kusa. Lihafi dai kin san shi, bargon nan mai hawa uku: ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, hashwa a tsakiya, wato audugar da take ba shi kauri da ɗumi. Ƙyalle yana da kawaici. Hashwa ce mai tonon asiri. Na yi miki alkawari, in kin bi matakan nan bi da bi, lihafin zai lalace iya son ransa, amma sunanki zai fita fes. Ni ban taɓa zura zare a allura ba, shi ya sa nake ganin abin sarai. An gwada hanyar a unguwar Al-Khalidiyya ta Madina, a bene hawa na uku, a hannun Zuliha matar Injiniya Abdulazeez, kuma da labarinta za mu yi karatun.

Mataki na 1: Karɓi aikin da ya fi ƙarfinki

Kada ki fara da rigar matashi ko shimfiɗar jariri. Ki jira aikin da in ya ɓaci ba a sayo madadinsa a kasuwa.

Zuliha ta karanta haɗa magunguna a Zariya, amma shekara shida ke nan takardar zamanta a Madina ba ta ce komai a kanta ba sai rakiyar miji. A kowace walima "matar Injiniya" ake kiranta, kuma abin yana ci mata rai. Saboda haka ranar da Sundus ta zo daga unguwar Bani Harisa da jaka a hannu, sai ta ji lokacinta ya yi. Sundus ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Madina, jikar alhazan da suka zo suka zauna. Mahaifiyarta, Hajiya Safiyatu, ta rasu wata huɗu da suka wuce, ga shi an mayar da ita aiki Tabuk, garin da sanyinsa ba ya wasa. Cikin jakar zannuwan marigayiyar ne guda tara, atamfa da shadda. Ana zuge zif ɗin, ƙamshin humrar tsohuwar ya cika falon, humrar da take haɗawa da hannunta.

"Khala Zuliha, lihaf nake so da su, in tafi da shi," in ji Sundus da Hausarta mai rabin Larabci, inda inna take zama khala. "Bas Allah yikhalliki, ina roƙonki, kada ki wanke. Ƙamshin Ummi ne. Shi kaɗai ya rage mini."

"Haba Sundus, ni za ki gaya wa? Aikina ne na kullum. Kuma don Allah zan yi miki, kada ki ma kawo wata magana."

Lihafi ko ɗaya ba ta taɓa gamawa ba. Haddace wannan amsar tata, za ki buƙace ta.

Mataki na 2: Sayi hashwa da ido, ban da tambaya

Hashwar lihafi a shimfiɗe take zuwa, a naɗe kamar tabarma, don ta zauna wuri ɗaya. Ta matashin kai kuwa a warwatse take cikin buhu, fara tas, mai laushi, ba ta da alƙibla. Gwana ba ta tambayar bambancinsu a gaban mai kanti.

A wani kanti a Al-Azizya, Zuliha ta nuna buhun da ya fi haske. Mai kantin, Osman, ya ɗaga gira.

"Hajiya, wannan na makhadda ne, matashin kai. Lihaf kika ce?"

"Na sani. Haka muke yi a can."

Ki lura da "a can". Ba a faɗin ko ina ne. A Madina kowa yana da can ɗinsa, kuma ba mai bin ki ya je ya duba.

Mataki na 3: Yanka tukuna, tunani daga baya

Sa almakashi da wuri. Muddin zannuwan suna nan ɗungurungum, shaiɗan zai iya raya miki ki mayar wa mai su ki ce ba za ki iya ba. Zuliha ta yanka duka tara a wuni ɗaya, ta harhaɗa murabba'ai, kuma gaskiya fuskar ta yi kyau. Nan take ta ɗauki hoto daga nesa ta tura zauren matan unguwa na waya.

Baturiyar da ke cikin bidiyon da Zuliha ta kalla takan kafe hawa ukun nan da fil sama da ɗari kafin ta hau keke. Wannan aikin marasa abin yi ne. Zuliha ta sa takwas. Ta zana layukan ɗinki da shuɗin alƙalamin tela kamar yadda Baturiyar ta yi, sai dai ta ba su tazarar taki ɗaya da rabi, don lihafin ya ƙi shiga wuyan keken sai da kokawa. Ta taka. Ƙyallen sama ya yi gaba, na ƙasa ya tsaya yana jiran izini, hashwa kuma ta bi inda ta ga dama. Da ta juya bayan, sai ga tattara layi-layi. Allura biyu suka karye kafin la'asar.

Idan haka ta same ki, daina juya bayan.

Mataki na 4: Raba laifi tun da ɗuminsa

Laifi ba a barinsa wuri ɗaya. Ki ba keke kasonsa, ai na'ura ce, ba ta da bakin musu. Ki ba allura nata. Ki ajiye wa iskar Madina kaso mai tsoka, wadda kowa ya san bushewarta, sannan ki ƙara da mukayyif, tunda na'urar sanyin nan ta saba ɗaukar laifin mura da ciwon ƙafa.

A kwana na uku, sai fararen zaruruwa suka fara leƙowa ta kowane ramin allura a kan baƙar shaddar, saboda allurar ta dakushe tana jawo hashwa waje. Lihafi ya yi furfura. Abdulazeez ya dawo daga aiki ya tsaya a kansa.

"Zuli, wannan gashin fa?"

"Salo ne, Injiniya. Ba fanninka ba ne."

Da yamma ya nemi rezar askinsa ya rasa. Ya same ta a hannun matarsa, tana yi wa zanin marigayiya gyaran fuska. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ki kira yarinyar nan ki gaya mata gaskiya tun abin yana gyaruwa."

Kada ki saurari miji a irin wannan lokaci. Shi ba a zauren mata yake ba, bai san abin da ake karewa ba.

Mataki na 5: Karanta rubutun jikin alƙalami bayan kin gama zane

Ɗinki ya ƙare, shuɗayen layuka suna nan raɗau a kan farar atamfa mai furanni. Sai a lokacin Zuliha ta juya alƙalamin ta karanta ɗan rubutun da ke jikinsa: yana gogewa da ruwa.

Ta jiƙa tsumma ta dangwala a hankali. Layi ya ɓace, ta yi hamdala. Da wurin ya bushe, sai ga shi ya dawo, ya fi da faɗi, domin hashwa ta shanye tawadar ta kuma dawo da ita. Ta sake dangwalawa. Ya sake dawowa, wannan karon da 'yan'uwansa.

Nan ne wurin haɗari, don haka ki kula. Zuliha ta zauna a ƙasa da lihafin a cinyarta, ƙamshin Hajiya Safiyatu yana tashi daga jikinsa, sai tausayi ya kama ta, da kunya, da tsoro. Waya ta yi ƙara. Sundus ce: "Khala, keef lihaf? Alhamis zan tafi insha Allah." Zuliha ta fara rubuta gaskiya, har ta kai layi uku. Tana cikin haka wani saƙo ya faɗo daga zauren mata, a ƙarƙashin hoton nan na nesa: "Masha Allah, Gwana Zuliha! Ashe muna da irinku a unguwa." Shekara shida ba wanda ya kira ta da sunan wani abu da ta iya.

Ta goge layi ukun. Ta rubuta, "Saura kaɗan, ƙanwata. Zai ba ki mamaki."

Haka ake yi. Gaskiya ba ta gudu, kina iya faɗinta wani makon.

Mataki na 6: Canza wa wanki suna

An ce kada ki wanke. Ba a ce kada ki ɗauraye ba. Zuliha ta saka lihafin a injin wanki da ruwan sanyi, minti goma sha biyar kacal, ta ce wannan ɗauraya ce. Shuɗi ya ragu amma bai tafi ba. Ta ƙara da ɗan sabulu, ta ce wannan taimakon ɗauraya ne. A zagaye na uku ba ta ba shi suna ba.

Shuɗi ya fita tas. Hashwa kuwa, da ta samu fili tsakanin layuka masu tazara, sai ta tattara kanta curi-curi a kowane lungu kamar ƙullun fura, ta bar tsakiya fayau, kana hango hasken taga ta ciki. Zuliha ba ta ma kalli wannan ba tukuna. Hanci ta fara kai wa. Ta shinshina tsakiya, ta shinshina gefe, ta shinshina baƙar shaddar. Lemon tsamin sabulu kawai. Ta zauna a bakin bahon wanka ta yi kuka sosai, kukan wanda ya san ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Ki ba kukan minti goma. Sannan ki farke gefe ɗaya, ki zura muciya ki dinga baza curin. Ba zai bazu ba, amma hannunki zai samu abin yi.

Mataki na 7: Sayo ƙamshi

Ikilima, 'yar Mai Wurno ta Sudan, ita ce mai humra da turaren wuta a Al-Azizya. Zuliha ta je mata da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna Ikilima, humra nake so irin ta Hajiya Safiyatu ta Bani Harisa."

"Allah ya ji ƙanta. Ya binti, shekara ashirin ina roƙon matar nan ta gaya mini abin da take sawa. Dariya kawai take yi mini."

"To ba ni wadda ta fi kusa."

Ikilima ta dube ta ta saman tabarau. "Wa za ki ruɗa da ita? In baƙo ne, kowacce ma ta isa. In ɗan gida ne, ajiye kuɗinki."

Zuliha ta ɗauki kwalba biyu. Kwana biyu lihafin yana kan kabbasa, kwandon nan na turara kaya, yana shan hayaƙi, har maƙwabta suka fara tambayar ko biki ake yi a hawa na uku.

Mataki na 8: Miƙa a gaban jama'a

Kada ki kuskura ki miƙa daga ke sai ita. Ki naɗe shi curin yana ciki, ki ɗaure da kirtani mai ƙyalli, ki kai inda mata suka taru, don mutum mai tarbiyya ba ya ƙorafi a gaban baƙi.

Ranar Laraba da yamma aka taru a gidan su Sundus don sallama, ana shan gahawa da dabino. Zuliha ta shigo da ƙunshinta, bakinta bai tsaya ba tun daga ƙofa. Mata suka taso. "Tabarakallah!" "Kai, ji ƙamshi!" "Wannan tudun-tudun ɗin fa?" Ta ce sabon yayi ne, yana tausa jiki. Aka yarda.

Sundus ba ta duba ɗinki ba, ba ta taɓa curi ba. Ta karɓa da hannu biyu ta nutsa fuskarta a ciki. Ta daɗe a haka. Ta matsa zuwa wani gefen ta sake nutsawa. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta tashi ba, don kada baƙi su ji.

"Khala, kin wanke."

Zuliha ta buɗe baki. Waɗanda za a ɗora wa laifi suna nan a shirye: alƙalami, da Osman, da iskar Madina. Ko ɗaya bai fito ba.

"Ma'alesh, ba komai," in ji Sundus. "Kin sha wahala, shukran." Ta shafa baƙar shaddar da tafin hannu, sannan ta matso kusa da kunnenta. "Ragowar ƙyallen da kika yanka fa? Ai su ba su shiga ruwa ba. Ko ƙarami ne, ko kamar yatsa."

Ragowar sun cika baƙar leda guda, kuma Zuliha da kanta ta sauke ta zuwa kwandon shara na bakin titi tun ranar Lahadi, don kada wani ya ga yawan abin da ta yanka ba daidai ba. Motar shara kullum take zuwa Al-Khalidiyya.

"Zan duba miki," in ji Zuliha.

Sundus ta yi murmushi, na farko tun shigowarta. "Allah ya saka, Khala. Ki aiko mini da duk wanda zai zo."

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ta san kowa ba, ba ta ga komai ba, kuma ba ta da keke. Duk wadda ta bi matakan nan ta yi ne da hannunta da almakashinta. Abin da ya shafi suna an cika shi: kafin a tashi daga taron, mata uku sun ce za su kawo wa Gwana Zuliha aiki, ɗaya ma da kayan kakarta. Amma idan abinci ya daina yi miki daɗi, ko kika ga kina roƙon Injiniya ya canza hanya don kada ku bi ta Bani Harisa, ko gabanki ya riƙa faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, wannan tsakaninki ne da Mahaliccinki, kada ki neme ni. Sundus ta isa Tabuk lafiya. Duk ranar Juma'a takan turo gaisuwa, ta tambaya cikin ladabi ko an samu damar dubawa.